Tsinken Gwajin Baba

Masu karatu, ku da kuka dame ni da saƙo kuna neman hotunan biki, ku yi haƙuri, babu hotuna. Bidiyo ne guda ɗaya, kuma na san da yawanku kun gan shi ba ku san gidanmu ba ne. Wannan da ake jan wata mata a ƙasa, ɗankwalinta ya faɗi, wani ƙato yana ihu wai an kama mai zuba wa maza ƙwaya. Tsakar gidan mahaifina ne a Karatina. Matar da ake ja kuwa, yayar mutumin da zan aura ce. Wadda kuma kuka gani a bakin ƙofa cikin riga ruwan ƙasa, baki buɗe, ba ta tsinana komai ba, ni ce.

Ga wanda yau ya fara shigowa shafin nan, sunana Gathoni. Ina aikin karɓar baƙi a wani asibitin haƙori a Nairobi, ina zaune a ɗaki ɗaya a Roysambu wanda in na miƙe ƙafa daga gado sai ta taɓa firji. Wanda nake so sunansa Murage, malamin lissafi ne a Thika, mutum mai sanyin magana da takalmi ƙwaya biyu. Iyayensa sun rasu tun yana firamare. Yayarsa Wacera ce ta rene shi, ta kuma biya masa kuɗin karatu da aikin da take yi har watan jiya, wato tsayuwa a bayan kanta a wata mashaya tana buɗe wa mutane kwalba.

Kafin ku zagi mahaifina, ku tsaya ku san shi. Tsohon hedimasta ne, irin mutanen da ke ɗaura taye ko gonar shayi za su leƙa. Shekaru biyu da suka wuce ya shiga gari da amininsa Mzee Gacheru, suka zauna a wata mashaya da rana tsaka don kwalba ɗaiɗai. Wani ko wata ya jefa musu mchele a kofi, ƙwayar barcin nan da ɓarayi ke saka wa mutum a abin sha. Baba ya farka a gadon asibiti ba waya, ba takalmi. Mzee Gacheru bai farka ba.

Daga nan Baba ya daina karɓar abin sha daga hannun kowa. Shayin da Mama ta dafa sai ya huce a gabansa ya yi fata. Ruwa sai ya tashi ya tara a famfo da kansa, bayan ya wanke kofin har hannunsa ya yi fari. A coci ya daina fita karɓar Jibin Ubangiji. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa, taye yana lilo kamar an rataya shi a jikin sanda. Mun kai shi likita, mun kai shi fasto, ba abin da ya canja, har ranar da wani dattijo a ƙungiyar mazan coci ya kawo masa wani ɗan kwali da ya saya a kyamis.

Tsinkaye ne na takarda, tsawon ashana, kowanne da ɗigo ruwan hoda a baki. Ka tsoma a abin sha ka ɗan jira. In ya tsaya yadda yake, ka sha abinka. In ya koma shuɗi, an zuba maka. Baba ya mai da gidan tabaraunsa ma'ajinsu, duk inda ya zauna sai ka ji ƙas, ya buɗe. Mun yi ta yi masa dariya a bayan ido, ni ce ma kan gaba wajen kwaikwayon yadda yake ɗaga tsinken sama yana kallo ta saman tabarau. Amma ya koma shan shayi, kumatunsa suka dawo, ya koma zuwa biki da jana'iza. Mama kan ce ɗan kwalin nan ya yi abin da asibiti ya kasa.

To, ranar ruracio, ranar da dangin ango ke kawo dukiyar aure, ta zo. Tun asuba gidanmu ya cika da hayaƙi, mata suna kirɓa mukimo, wato dankali da masara da ganye, a manyan tukwane, maza suna gasa akuya a bayan rumbu. Na sa doguwar riga ruwan ƙasa da aka jera wa wuri a wuya da ƙugu, da 'yan kunne na tagulla da suka ja min kunne har yamma. Ƙanwar Baba, Tata Wangeci, ita ce mai ba da umarni, ba don an naɗa ta ba. Tun da ta ji aikin Wacera take tafe da hanci a sama. Tana gyara min wuyan riga ta ce, "Ashe gidan su angon namu babu uwa, sai mai buɗe kwalba." Na haɗiye amsata, don rana ce da aka ce amarya ba ta da baki.

Abin da Tata ba ta sani ba shi ne tun sati guda Wacera ke turo min hotunan riguna daga wurin tela. Ta ƙarshe kore ce mai duhu, hannu har wuyan hannu, tsawo har idon sawu, da ɗankwali irin na matan zumuntar coci. Ta rubuto a ƙasan hoton:

"Ƙanwata, wannan ta yi? Ba na so a ce na shigo gidanku da mashaya a jikina."

Na mayar mata da cewa ta fi matar fasto kama da matar fasto. Ta turo fuskar dariya har layi biyu.

Komai ya tafi daidai da farko. Matan gidanmu suka rufe ƙofa, na su Murage suka yi ta waƙa a waje da kwanduna a baya har aka buɗe musu. Aka lulluɓe mu da zannuwa daga kai har ƙafa, ni da 'yan matan dangi, aka ce ango ya nemo matarsa. Bai ko yi jinkiri ba. Daga baya ya raɗa min cewa babban ɗan yatsan ƙafata ne ya tona ni, wai duk yankinmu na Nyeri babu mai irinsa, kamar citta. Na taka masa ƙafa ta ƙarƙashin tebur. Wannan ce dariyar ƙarshe da muka yi tare.

Da dattawa suka gama maganarsu a falo suka fito ƙarƙashin rumfa, sai aka kawo muratina, giyar zuma da rake da dangin ango ke zuwa da ita. Uban amarya ne ke fara sha daga ƙaho, ya sa albarka, sannan sauran dattawa su bi. In bai sha ba, magana ba ta ƙullu ba. Zubawa aikin maza ne, amma dattijon da Murage ke da shi kawunsu ne guda ɗaya, tsoho mai rawar hannu. Ya ɗaga goran, giya ta soma zuba a kan takalmin Baba. Wacera ta kasa jure ganin haka. Ta taso ta rusuna ta karɓi goran, ta cika ƙahon tsaf, ko ɗigo bai faɗi ba.

Tata Wangeci ta ce, yadda rabin rumfar za ta ji, "Hannu ya saba."

Baba ya karɓi ƙahon, ya dubi Wacera, ya dubi giyar. Sai na ji ƙas. A raina na ce, Baba don Allah ba yau ba, ba a gaban surukai ba. Na ga Mama ta miƙe daga cikin mata tana yi masa alama da hannu, fuskarta ta canja, amma bai dubi wajenta ba. Ya tsoma tsinken, ya ɗaga sama. Duk wanda ke rumfar nan ya ga lokacin da ɗigon ya koma shuɗi.

Bai yi ihu ba. Cikin wata murya da ban san shi da ita ba ya ce, "Gacheru ma mace ce ta zuba masa." Ya yi jifa da ƙahon.

Wacera ta ce, "Baba, a ba ni in sha a gabanka. A ba ni goran duka."

Amma babu abin da za a ba ta. Ɗan Tata ya riga ya kai wa goran ƙafa, ya fashe, ƙasa ta shanye komai. Sauran kun gani a bidiyo, shi ne ma ya ɗauka da ɗaya hannun. Abin da ba ku gani ba shi ne Murage ya kwanta a kan yayarsa yana karɓar duka a bayansa, kuma rigar nan kore da aka yi sati ana zaɓe ta tsage daga kafaɗa. 'Yan sanda suka zo suka tafi da ita, suka sa tsinken a 'yar leda kamar sun kama bindiga.

Kwana uku ban iya cin abinci ba. Zauren dangi na waya ya cika da godiya ga Allah da ya tsare Baba, da saƙonnin murya na Tata masu tsawon wa'azi, wai tun farko ta faɗa, wai so suka yi su kwantar da dattawa su kwashe dukiyar da suka kawo su koma da ita. Na tambaya a zauren ko akwai mai hankalin da zai yi sata a gaban mutum ɗari da rana tsaka. Aka cire ni daga zauren.

Saƙonnin Murage kuwa gajeru ne, kamar yana biyan kuɗin kowane harafi.

"An ba da belinta."

"Sun kore ta daga aiki."

"Mai gidan haya ya ce ta tashi, matan gidan ba sa so ta taɓa famfo."

Na huɗun ne ya sa na zauna a ƙasan ɗakina. Wasu maza biyu da aka taɓa yi wa mchele a Thika sun ga bidiyon, sun je caji ofis sun ce ita ce. Mutanen da suka farka ba su san sunansu ba, yau sun tuna fuskar mace. Na kira Murage bai ɗauka ba. Can ya rubuto:

"Ban ce ki zaɓa ba, Gathoni. Amma ita ta wanke min kashi. In aka ɗaure ta, ban san da wane ido zan kalli mahaifinki ba, kuma ke idonsa gare ki."

Zan faɗa muku gaskiya tunda ba ku san fuskata ba sai a bidiyo. Akwai daren da na yi zarginta. Na ce shekara nawa tana mashaya, me na sani game da ita ban da hotunan riguna? Wannan tunanin ne ya ba ni kunya har ya tashe ni tsaye. Ranar Asabar na shiga kyamis na sayi irin ɗan kwalin Baba. Yana nan a kan kanta kusa da cingam, yarinyar da ke sayarwa ko ɗago kai ba ta yi ba. Na biya ta wani gidan cin nama a hanyar Kiambu na sayi muratina a gorar roba, na tsaya a kanti na ɗauki lemo, giyar kwalba da kindirmo. Na jera kofuna a kan teburin guga.

Ruwa, ba komai. Lemo, ba komai. Giyar kwalba, ba komai. Na tsoma a muratinar da ni na buɗe ta da hannuna, ban kai ga ajiye tsinken ba ya koma shuɗi. Na sake da wani, shuɗi. Na tsoma a kindirmon da aka rufe tun daga kamfani, shi ma shuɗi. Na zauna ina kallon kofunan nan ina kuka, rabi don daɗi, rabi don baƙin ciki. Na ɗauki bidiyo na tura wa Murage, a karon farko tun ranar ya kira ni da kansa.

Na zaci an gama. Lauyar da Murage ya samo ta kalli bidiyon ta ce ya yi kyau, amma kotu ba za ta karɓi gwajin budurwar ƙanin wadda ake tuhuma a kan teburin guga ba. Ta ce in samo takarda daga hukuma da ke cewa tsinken ba abin dogaro ba ne. Na ɗauki hutun kwana biyu a wurin aiki, na sa siket baƙi da farar riga don a ɗauke ni da daraja, na shiga hawa benaye. Ofishi na farko suka ce su magani suke dubawa, wannan ba a sha, ba a shafawa. Na biyu suka ce su kayan asibiti ne nasu, wannan kuwa ba jikin mutum yake gwadawa ba, kofi yake gwadawa. Na uku suka ce in koma na farko. Takalmina mai tsini ya ci min dunduniya har na cire shi a cikin matatu, motar haya.

Ofishi na farkon dai na koma, kuma a nan wata mata mai furfura a gaban goshi ta ja min kujera. Ta juya kwalin gaba da baya, ta ce ba ni ce ta farko ba. Ta ce irin waɗannan suna shigowa da yawa, kowanne da sunansa, wasu na kirki ne wataƙila, amma babu wanda ya tilasta wa mai kawo su ya nuna abin da suke gani da abin da ba sa gani. Wanda ya yi wannan, in ji ta, mai yiwuwa bai taɓa jin sunan muratina ba balle ya gwada. Ana kan rubuta ƙa'ida, an yi zama, za a sake zama.

Na ce, "To ki rubuta min cewa ƙarya yake yi."

Ta ce, "'Yata, ban gwada ba. Ba zan iya rubuta yana ƙarya ba, ba zan iya rubuta yana gaskiya ba. A takarda, abin nan bai ma shigo ƙasar ba tukuna."

Na tambaye ta ko aƙalla yana kama ƙwayar da ta kashe Mzee Gacheru. Ta ce da mahaifinta ne, ba za ta bar shi ya dogara da shi ba. Wato shekara biyu Baba yana yawo da abin da ƙila ba zai cece shi ba, ya kuma ɗaure wadda ba ta yi masa komai ba.

Lauya ta ce saura hanya ɗaya kafin zaman kotu na ranar Litinin. Baba ne mai ƙara. In ya je da bakinsa ya ce ya gane tsinken ne ya yi kuskure, ya janye, maganar mazan nan biyu ba za ta tsaya da ƙafarta ba. In bai janye ba, za a haɗa duka a ɗora mata. Wacera na zaune a ofishin lauyar a lokacin, cikin tsohuwar rigar sanyin Murage, gefen idonta bai gama sacewa ba. Ba ta roƙe ni komai ba. Da za mu rabu ta gyara min abin wuyana da ya karkace, ta ce in gai da Mama.

Ranar Asabar na hau motar Karatina da sauran tsinkayen a jaka. Na tarar Baba ya tafi taron coci, Mama tana kicin na baya tana tsince wake a faranti, da tsohuwar rigar sanyinta mai maɓalli ɗaya. Na ajiye jaka na nuna mata bidiyon teburin guga. Ta kalla har ƙarshe, ta ci gaba da tsintar wakenta.

Na ce, "Mama, ba ki yi mamaki ba."

Ta ce, "Yaushe rabon da ki ga na ba babanki kunu mai tsami?"

Na tsaya ina tunani. Baba da kunun gero mai tsami, wanda ake jiƙawa ya kwana biyu, kamar ɗan jariri da nono ne. Da shi yake karyawa tun ina yarinya. Kuma gaskiya ne, na daɗe ban ga kofinsa na kunu a tebur ba.

Ta ba ni labari tana kallon faranti. Satin farko da aka kawo kwalin, ta saci tsinke ɗaya ta gwada a kununta don ta ga yadda yake aiki, ya koma shuɗi. Ta sake, ya sake. Ta jefa su a murhu. Washegari ta ce wa Baba likita ya ce tsami yana tayar masa da gyambon ciki, ta daina dama masa, ta daina sayen kindirmo, duk gidan da za su je sai ta riga shi yin waya ta ce a ba shi shayi kawai. Nata kunun take damawa a ɓoye ta zuba a fulas ta ajiye a bayan buhun gawayi. Ranar ruracio hankalinta yana kan tukwane, ba ta kawo muratina a ranta ba sai da ta ji ƙas.

Na ce, "Kin sani, kika bari aka ja ta a ƙasa."

Ta ce, "Na sani."

"Kin sani, kika bari ta kwana a caji ofis."

Ta ajiye farantin. Idonta ya kawo ruwa amma muryarta ba ta yi rawa ba. "Ke kina Nairobi lokacin da nake ɗaga mutumin nan daga bayi saboda jiri. Ni na ga haƙarƙarinsa. Takardar banzar nan ce ta sa yake karɓar kofi daga hannuna. In kika ƙwace masa ita, me za ki ba shi? Ina jin tausayin yarinyar nan, Allah ya sani, kullum tana cikin addu'ata. Amma mijina nake so ya rayu."

Na ce addu'a ba ta hana ɗauri. Ta kama hannuna ta ce in bari a yi zaman kotun, ƙila alƙali ya sake ta da kansa, in ba haka ba a ɗaukaka ƙara, ni yarinya ce, zan sami wani mijin. Na ji haushinta kamar in fasa ihu, na kuma ji tausayinta a lokaci guda, don ban taɓa lura da yadda ta tsufa ba sai ranar. Muna haka muka ji ƙarar ƙofar gida da gyaran muryar Baba.

Ya amsa gaisuwata a daƙile ya zauna a kujerarsa ta falo, ƙarƙashin hoton ranar da ya yi ritaya. Na durƙusa na fara bayani a hankali. Na nuna masa bidiyon, ya ce wa ya san inda na sayo giyar, duk masu sayar da ita bakinsu ɗaya. Na ce kindirmon fa? Ya ce yaron nan ya juya min kai har ina haɗa wa ubana wasan kwaikwayo a waya. Na gaya masa abin da matar ofis ta ce. Ya ce ma'aikatan gwamnati ba su je jana'izar Gacheru ba.

A nan ne dabara ta zo min, kuma lokacin na ɗauka ita ce mafi kyau da na taɓa yi. Na ce a raina, yana zargin mashaya, yana zargin Murage, yana zargina, amma akwai hannu ɗaya a duniya da ba zai taɓa zargi ba. Shekara talatin da biyar yana ci daga gare shi. In tsinken ya yi ƙarya a kan wannan hannun, dole ya yarda ƙarya yake yi.

Na tashi na shiga kicin na ɗauko fulas ɗin daga bayan buhun gawayi. Mama ta biyo ni tana kiran sunana ƙasa-ƙasa, tana riƙe min gefen riga, na fizge. Na ɗauki kofi mai tsabta na tsiyaya a gabansa, ƙamshin tsamin ya cika falon. Na ga maƙogwaronsa ya motsa.

Na ce, "Baba, wannan kunun Mama ne. Ita ta jiƙa, ita ta dama da safen nan, babu wanda ya taɓa shi. Kada ka yi amfani da nawa. Ɗauko naka."

Ya dube ni ta saman tabarau, irin kallon da yake yi wa ɗalibin da ya zo da ƙarya. Ƙas. Ya zaro tsinke ya tsoma, ya ɗaga shi wajen hasken taga. Muka tsaya mu uku muna kallo har ɗigon ya rine.

Na ce, "Ka gani, Baba? Tsami ne kawai yake sa shi haka. Wacera ba ta zuba maka komai ba. Bari ma in sha ka gani."

Na kai kofin baki. Ban san tsoho yana da sauri haka ba. Ya kaɗe shi daga hannuna, kofin ya daki bango, kunu ya wanke labule. Ya jawo ni da ƙarfi ya mai da ni bayansa, ya tsaya tsakanina da Mama. Tsinken yana ɗaya hannun, bai sake kallonsa ba. Fulas ɗin yake kallo, da baƙin gawayin da ya shafa a gindinsa, sannan ya ɗago ya dubi matarsa da ke tsaye a bakin ƙofar kicin da hannu biyu a kan baki.

Ya ce, "Maman Gathoni, abin da kike ɓoyewa a bayan gawayi ke nan?"

Ta yi taku ɗaya wajensa, ya ƙara tura ni bayansa.

Ya ce, a hankali, "Tun yaushe?"